Darasi na 12: Ɗaurin gwiwa, amfaninsa da iyakarsa

Abin da za mu koya

A wannan darasi za mu san yadda gwiwa take, mu koyi naɗa mata bandeji da manna mata filasta, mu kuma rarrabe gwiwar da ake ɗaurewa a gida da wadda ake hanzarta kai mai ita asibiti.

Gwiwoyin mutanen Adar

Ƙasarmu ƙasar dutse ce. Wanda ke zaune a Garhanga ko Alakai ko Tabotaki, hawa da gangara ba sa rabuwa da shi, ko gona za shi, ko rijiya, ko kasuwa. A 1984, shekarar da fari ya tsananta, aka soma aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO tana jagorantar aikin, hukumar PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Maza da yawa sun tafi biɗa, don haka mata ne suka fi yawa a fagen aikin. Su suka ɗauko duwatsu a ka suka jera a gangaren tudu don tare ruwa, su suka haƙa ramuka, aka dasa itatuwa miliyoyi. Budurwar da ke da shekara 20 a lokacin, yau ta haura 60. Ɗaukar kaya mai nauyi da yawan tsuguno shekara da shekaru suna cikin abubuwan da ke jawo amosanin gwiwa idan girma ya zo, kuma iyayen nan namu sun cancanci a san yadda za a rage musu wannan ciwo.

A kwarin Tarka, wajen Madawa da Sabon Gida, manomin albasa a tsugune yake dashe, a tsugune yake cira. Ɗan dako kuma ya saɓa babban buhu, wanda kan kai kilo 100, ya hau da shi bayan mota. Ga ƴan kokowa, waɗanda jaharmu ke alfahari da su, don a Tawa aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe. Ga samari ƴan ƙwallo da ke wasa a filin tsakuwa. Duk waɗannan, idan gwiwa ta dame su, abin da suke fara yi shi ne su nemi ƙyalle su ɗaure. Dabarar tana da kyau. Yadda ake yin ta ne ke buƙatar gyara.

Yadda gwiwa take

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwa: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, da ƙoƙon gwiwa a gaba. Manyan jijiyoyi huɗu masu tauri ne ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, kamar yadda igiya ke riƙe kaya a kan amalanke. Ɗaya tana gefen ciki, ɗaya tana gefen waje, biyu kuma sun gitta juna can tsakiyar gaɓa, inda hannu ba ya kaiwa. Tsakanin ƙasusuwan akwai guringuntsi biyu masu lanƙwasa da ke rage gugar ƙashi da ƙashi. Shi kuwa ƙoƙo, yana da wani kwari a ƙarshen ƙashin cinya, a cikinsa yake zamewa sama da ƙasa duk lokacin da aka tanƙwara ƙafa ko aka miƙe ta.

A tafiya kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, nauyin da ke sauka a gwiwa a kowane taku ninki 2 zuwa 3 ne na nauyin mutum. Mace mai kilo 60 da ta ɗauko jarkar ruwa mai lita 20 ta zama kilo 80, ke nan gwiwarta tana karɓar kilo 160 zuwa 240 a taku guda. Wajen gangara nauyin ya fi haka, shi ya sa masu ciwon gwiwa sukan ce saukowa daga tudu ta fi hawa wuya.

Ku riƙe wannan da kyau: filasta da bandeji a kan fata suke zama. Jijiyar da ta tsinke a tsakiyar gaɓa, babu ɗaurin da zai haɗa ta.

Gwiwar da ba a tsayawa ɗaure ta

Kafin a ɗauko almakashi, a fara duba gwiwar. Likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada sun fitar da alamomin da ke nuna wanda ya ji rauni a gwiwa yana buƙatar hoton ƙashi, kuma ana aiki da su a asibitocin duniya. Idan ya kasa yin taku 4 a kan ƙafar, ko da ɗingishi. Idan ya kasa tanƙwara gwiwar ta kai yadda take in an zauna a kujera. Idan an danna ƙoƙon shi kaɗai ya ji zafi, ko an danna ɗan ƙashin da ya turo a gefen waje, ƙasa da gwiwa kaɗan. Ko kuma shekarunsa sun kai 55. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a kai shi.

Haka nan ɗan kokowa ko ɗan ƙwallon da ƙafarsa ta kafe a ƙasa jikinsa ya juya, ya ji ƙara daga cikin gwiwa, kafin sa'a biyu ta kumbura tim. Wannan kumburi na gaggawa galibi jini ne ya taru a gaɓar, kuma sau da yawa jijiyar tsakiya ce ta tsinke. Gwiwar da ke ƙagewa ta ƙi miƙewa, da wadda ke zillewa mutum ya faɗi yana cikin tafiya, su ma na asibiti ne. Idan kuwa gwiwa ta goce ƙafa ta karkace, tafin ƙafa ya yi sanyi, to a nemi mota a wannan sa'ar, domin babbar hanyar jinin ƙafa a bayan gwiwa ta bi.

Akwai wata gwiwa da ta fi waɗannan saurin yaudarar mutane, ita ce wadda ta kumbura ba tare da faɗuwa ba, ta yi zafi in an taɓa, ga zazzaɓi a jiki. Wannan tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, kuma cikin ƴan kwanaki mugunya kan cinye guringuntsi, mutum ya nakasa har abada. An fi jin tsoronta ga yara, da masu sikila, da masu ciwon sukari. Kada a ɗaure, kada a gasa, kada a yi mata tsaga ko ƙaho ko sakiya. Huda fata a kan gaɓa buɗe wa cuta ƙofa ne. Maɗora da wanzamai mutanenmu ne, muna girmama su, kuma nagarin cikinsu da kansa yake cewa wannan ba tawa ba ce, ku tafi likita.

A fara da gidan likita mafi kusa. Daga nan za a tura mutum asibitin gunduma a Madawa ko Buza ko Keita, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce babban asibitin jaha a Tawa. Akwai kuma asibitin Galmi, kan babbar hanya tsakanin Madawa da Ƙonni, wanda aka buɗe tun 1950, ana yin tiyata a can.

Naɗin bandeji ga sabon targaɗe

Idan babu ko ɗaya daga alamomin nan, mutum yana iya taka ƙafarsa, kumburin kuma kaɗan ne, to targaɗe ne da za a iya jinya a gida. Ya zauna ya ɗora ƙafar a kan matashi. A naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. Inda babu ƙanƙara, a jiƙa ƙyalle da ruwan randa ana sauyawa. A kwana biyu zuwa uku na farko ban da gashi da ruwan zafi, ban da murza da ƙarfi, don suna ƙara kumburi.

Bandejin da ake so shi ne mai ɗan miƙewa, mai faɗin santimita 10. A farmasi idan kun ce bande Velpeau za a gane. A ɗan tanƙwara gwiwar kaɗan. A fara naɗi daga ƙasan gwiwa, a zagaya sau biyu. Sai a karkata a haura ta kan gwiwa zuwa cinya, a zagaya sau ɗaya, a sake karkatowa ƙasa, naɗin yana gitta juna a siffar lamba 8. Kowane zagaye ya rufe rabin wanda ya gabace shi. A ƙare a sama, a maƙale bakin da ɗan filasta. Ana farawa daga ƙasa ne don a kora kumburi sama. Wanda ya matse sama ya bar ƙasa sako-sako, ƙafarsa ce za ta kumbura.

A nan ne kuskure ya fi yawa, don mutane da dama sun ɗauka matsi shi ne magani. Za ka ga saurayi ya yanko robar cikin taya ya tamke gwiwarsa, ko dattijo ya ƙulle da igiya har ta nutse cikin nama. Wannan yana tare jini. Kuma a gefen waje, daidai ɗan ƙashin nan da ya turo, akwai jijiyar motsi da ke kwance dab da fata. In aka daɗe da matse ta, mutum kan kasa ɗaga tafin ƙafarsa, ya riƙa jan ƙafa a ƙasa. Saboda haka bayan kowane naɗi a yi gwaji biyu. A zura yatsa a ƙarƙashin bandejin, ya shiga ba da wahala ba. Sannan a danna farcen babban yatsan ƙafa har ya yi fari, a saki, jansa ya dawo cikin daƙiƙa 2. Idan yatsu sun yi sanyi, ko sun sauya launi, ko minjirya ta kama ƙafar, ko zafi ya ƙaru, a kwance nan take. Da dare ma a kwance, a sake naɗawa da safe.

Bayan kwana biyu ko uku a fara motsa gwiwar a hankali. Barin ta a ɗaure mako da makonni yana sa ta sandare, naman cinya ya zube.

Filasta mai tauri ga ciwon ƙoƙo

Wannan ita ce dabarar da ta fi dacewa da iyayenmu masu amosanin gwiwa, da kuma matasan da ke jin ciwo a gaban gwiwa in sun tsuguna, ko sun gangara, ko sun daɗe a zaune cikin mota. Wata ƙwararriyar gashin ƙashi ƴar Ostireliya, Jenny McConnell, ta bayyana ta a 1986. Ga mutane da yawa ƙoƙo yana ɗan karkata gefen waje, sai ya riƙa gugar gefen kwarinsa. Ana manna filasta ne a ɗan jawo shi ciki.

An gwada wannan a kan masu amosanin gwiwa a birnin Melbourne, aka buga sakamakon a 2003. Mutum 87 aka raba gida uku na tsawon mako 3. A cikin waɗanda aka manna wa filasta bisa ƙa'ida, kashi 73 cikin 100 sun ce ciwo ya ragu. A cikin waɗanda aka manna wa filasta haka kawai ba tare da jan ƙoƙo ba, kashi 49. A cikin waɗanda ba a manna wa komai ba, kashi 10. Abu biyu muka koya daga nan. Mannawa bisa ƙa'ida tana da amfani na gaske. Sannan wani kaso na sauƙin yana zuwa ne daga taɓin filasta a fata da natsuwar da mutum ke samu. Amosanin dai yana nan, ciwon ne ya lafa.

Ga yadda ake yi. A wanke gwiwa da sabulu, a bushe ta sarai, kada a shafa mai. Mai gashi ya aske tun jiya, don fata ta huta. Ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa, ya saki naman cinya har ƙoƙon ya riƙa motsi in an tura shi da yatsa. In an samu farar filasta mai laushi, a fara shimfiɗa ta a kan ƙoƙo daga gefe zuwa gefe ba tare da ja ba, don ta kare fata. Sai a yanko filasta mai tauri, wadda ba ta miƙewa, mai faɗin santimita 4 zuwa 5, tsawonta wajen santimita 15. A manna bakinta a gefen ƙoƙo na waje. Da babban yatsa a tura ƙoƙon ciki, wajen ɗaya ƙafar, da sauran yatsu kuma a tattaro naman gefen ciki zuwa ga ƙoƙo, sannan a ja filastar a manne ta a gefen ciki. Fata za ta ɗan tattare a wurin, haka ake so. Kada filasta ta zagaye ƙafa, kada ta rufe bayan gwiwa.

Daga nan sai gwaji, kuma shi ne hukunci. Ya tashi ya yi abin da ke sa shi ciwo, ko tsuguno, ko sauka daga dakali. Idan ciwon ya ragu da wajen rabi, an dace. Idan bai ragu ba, a cire a sake. In an sake bai yi ba, wannan gwiwa ba ta filasta ba ce, kada a ɓata kuɗi.

A zafin ƙasarmu, musamman watan Afrilu da Mayu, gumi yana saurin ɓamɓare filasta, yana kuma dafa fatar da ke ƙarƙashi. Gara a manna da safe a cire da dare. Wajen cirewa a bi a hankali, hannu ɗaya yana danne fata, a ɗiga man gyaɗa in ta kama sosai. Fatar tsofaffi ba ta da kauri, fizga tana iya ɗaye ta. Ba a mannawa a kan gyambo, ko ƙuraje, ko ƙuna, ko ƙafar mai ciwon sukarin da ba ya jin taɓi sosai. Idan ƙaiƙayi ya tashi ko fata ta yi ƙuraje, a cire a daina.

Filasta mai launi

Masu kallon ƙwallo a talabijin sun saba ganin ƴan wasa da filasta shuɗiya ko baƙa ko ja a gwiwa. Wani ɗan Japan, Kenzo Kase, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970, ta kuma yi suna a wasannin Olamfik na Beijing a 2008. Tana miƙewa, tana iya kwana 3 zuwa 5 a jiki. Ana tanƙwara gwiwa, a manna tsiri biyu su kewaye ƙoƙo dama da hagu, a ɗan ja tsakiyarsu, a bar bakunan ba ja. Bincike ya nuna sauƙin da take bayarwa kaɗan ne, na ɗan lokaci, launin kuma ado ne kawai. Wanda ɗan'uwansa ya aiko masa da ita daga Abijan ko Yamai ya yi amfani da ita. Wanda ba shi da ita bai rasa wani abin kirki ba.

Abin da ke kare gwiwa

Shin ɗaure lafiyayyar gwiwa kafin kokowa ko ƙwallo yana hana rauni? Babu ƙwaƙƙwarar shaida a kan haka. Da an yi gumi an yi gudu, ɗaurin ya saki. Abin da aka tabbatar shi ne motsa jiki. Hukumar FIFA tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+. Da aka gwada shi a Norwe a kan ƴan mata ƴan ƙwallo kusan 1,900, raunuka sun ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Gudu ne a hankali, da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da koyon dira daga tsalle gwiwa a tanƙware, tana saitin yatsun ƙafa, ba ta faɗa ciki ba. Ba ya cin ko dala.

Ga manya kuwa, ƙarfin naman cinya shi ne gatan gwiwa. A kwanta rigingine, a tanƙwara ƙafa ɗaya, a miƙe mai ciwon, a ɗaga ta sama kaɗan, a ƙirga 5, a sauke. A yi sau 10, safe da yamma. A zauna a kujera a tashi ba tare da dafa komai ba, shi ma sau 10. Amfanin filasta na gaskiya ke nan, ta rage ciwo har mutum ya iya yin wannan motsi. Mai ƙiba kuma, kowane kilo 1 da ya rage yana sauke wa gwiwa wajen kilo 2 zuwa 3 a kowane taku. Sanda ma tana taimako, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar mai ciwo ba. Babu abin kunya a riƙe sanda.

Akwai abin da ke damuna ƙwarai, shi ne ɗan dako ko ɗan kokowar da zai tamke gwiwa, ya haɗiyi tiramol daga hannun mai talla, ya koma aiki. Ciwo gargaɗi ne. In aka kashe shi da ƙwaya aka ci gaba da loda wa gaɓar da ta ji rauni kaya, ƙaramin targaɗe kan zama nakasa, ga kuma kamun da ƙwayar ke yi wa mutum har ya kasa rabuwa da ita. Maganin ciwo a karɓe shi daga ma'aikacin lafiya.

Mai ɗauri yana iya sallarsa, alwala ba ta kai gwiwa ba. In sujada ko zaman tahiya sun gagara, addini ya yi sauƙin yin salla a zaune. Game da wankan wajibi, malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan ɗaurin rauni, sai a tambayi liman yadda hukuncin yake ga irin ɗaurin da ke jikin mutum.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa suka haɗu a gwiwa? Ku faɗi sunayensu.
2. Yaro ya kwana da zazzaɓi, gwiwarsa ta kumbura ta yi zafi, bai faɗi ba. Kakarsa ta ce a kira wanzami. Me za ku ce mata, kuma da wane lafazi?
3. Don me ake fara naɗin bandeji daga ƙasa?
4. Waɗanne gwaji biyu ake yi bayan naɗi?
5. A garinku, da me mutane suka fi ɗaure gwiwa? Wanne ne a ciki yake da haɗari?

Lissafi

Ɗan dako mai kilo 65 ya saɓa buhun albasa mai kilo 100. Idan gwiwa tana karɓar ninki 3, kilo nawa ke sauka a kanta a taku guda? In an raba kayan buhu biyu na kilo 50, ya ɗauki ɗaya, kilo nawa zai zama?

Aikin gida

Kowa ya rubuta alamomi 5 da ke sa a kai mai ciwon gwiwa asibiti, ya karanta wa mutanen gidansa. A zama na gaba ƴan aji su haɗa kuɗi a sayo bandeji biyu da filasta ɗaya. Za mu gwada naɗi a kan juna, maza da maza, mata da mata, kuma malami zai gayyato ma'aikacin lafiya na garin ya duba hannun kowa. Kada wanda ya ɗaure wa wani gwiwa a gida kafin an duba nasa naɗin a aji.